Bayani a Kan Hukuncin Tsayawar Mai Keke a Gaban Jan Allo

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, tsayawa iri biyu ce: akwai wadda ake yi, akwai wadda ake ƙudurtawa a zuci. Direban mota yakan yi ta farko idan ya hango ɗan sanda. Mai keke kuwa a ta biyun ya yi zurfin karatu.

Shi allon tsayawa an fara kafa shi ne a birnin Detroit na Amurka a 1915. Daga baya aka ba shi kusurwa takwas, ya daɗe yana rawaya, sai a 1954 aka mayar da shi ja. Waɗanda suka ƙago shi mota ce a ransu, ita kuwa tsayawa ba ta cin ta da komai sai taka birki. Mai keke injinsa cinyarsa, fetur ɗinsa abin da ya karya kumallo da shi. Masana sun tabbatar cewa in gudu ya ninku sau biyu, ƙarfin da ke cikinsa sau huɗu yake ninkuwa, kuma birki zafi yake mayar da shi duka, iska ta kwashe. Saboda haka kowane jan allo haraji ne a kan cinya, ba rasit.

Dubi hanyar W&OD a jihar Virginia, mai tsawon kilomita 72 daga Shirlington zuwa Purcellville, inda masu keke da masu tafiya a ƙafa suke tarayya. Layin dogo ce a da, har 1968. A zamanin jirgi, motoci ne ke dakatawa cikin ladabi ya wuce. Yau magajinsa, wani ma'aikacin ofis da rigarsa a jaka, shi ne aka kafa wa allo a mararraba. Gado ya zo, alfarma ba ta biyo shi ba.

Masana sun yi saɓani a kan abin da ke tabbatar da tsayawa. Masu tsanantawa sun ce sai ƙafa ta taɓa ƙasa. Wasu suka ce ya wadatar taya ta daina juyawa, ko da mutum yana bisa feda yana karkarwa kamar kazar da ta hau igiyar shanya. Ni na fi karkata ga wannan, don allon bai ambaci ƙafa ba. Sai kuma mazhabar jihar Idaho, wadda tun 1982 ta halatta wa mai keke ya rage gudu, ya duba dama da hagu, ya bar mai haƙƙi ya wuce, sannan ya zarce. Shekara 35 Idaho tana kan wannan ra'ayi ita kaɗai, kafin Delaware ta bi ta a 2017, Arkansas a 2019, Oregon a 2020. A Kalifoniya majalisa ta amince a 2021, gwamna Gavin Newsom ya ƙi sa hannu.

Abin lura: mai keken da ke kukan motoci ba sa ganinsa, da ya shiga hanyar tarayya shi ne motar. Tsohuwa mai jan kare da igiya ba ta jin zuwansa sai ƙararrawa ta kaɗa a bayan kunnenta. A nan hujjar cinya ba ta da ƙarfi, domin ita ma tsohuwar tana da tata.

Saura mas'ala guda da ɗalibai ke yawan kawowa: mutumin da allo ya riska a kan iyaka, tayarsa ta gaba a Oregon, ta baya a Kalifoniya. Hukuncinsa shi ne ta gaba ta zarce, ta baya ta tsaya cak. In ya kasa haɗa biyun, ya sauka ya tura.