Jagorar Mai Son Rabuwa da Bashi a Ƙasar Noman Rani

Hidimar ba-zata ita ce kashe kuɗin da yake faɗo wa gida ba tare da an sa shi a lissafi ba. A yankin Kura da Bunkure da Garun Malam an san ta da hali guda: takan bari sai ranar da maigida ya ɗaura niyyar cewa bana zai rabu da bashi, sannan ta yi sallama a ƙofar gida.

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ruwa yake bin magudanai zuwa gonakin yankin a ƙarƙashin kulawar Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are. Da damina a yi shinkafa, da rani a yi tumatir da albasa da alkama da masara. Mutanen wasu garuruwa suna kallon girbi biyu a shekara su ce an ji daɗi, sai dai noma biyu cin bashi biyu ne: taki, iri, maganin feshi, kuɗin ruwa, hayar fili, 'yan ƙwadago. Kuɗi suna shigowa a dunƙule sau biyu ko uku a shekara, tukunya kuwa kullum sai an ɗora ta. A wannan tazarar bashi yake samun wurin zama.

Abin da ake fara yi shi ne ƙidayar masu bi. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana riƙe bashin da yake bin wani har da canjin naira hamsin, wanda ake binsa kuwa sai an tuna masa, saboda haka a nemi littafi a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, don haka babu abin kunya a ciki. A jera su gwargwadon cizonsu. A sahun gaba akwai bashin kaka, wanda aka karɓi taki ko kuɗi da shuka za a biya da buhu lokacin da shinkafa ta fi araha, domin shi ne yake cinye gumin manomi. Sai rancen banki ko na gwamnati irin wanda manoman shinkafa suka karɓa a shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a 2015, wanda wasu suka ɗauka rabon arziki ne har takarda ta biyo baya. Sai mai shagon unguwa. Bashin suruki ba ya ƙaruwa, amma yana sa gaisuwar safe ta yi nauyi, kuma a durƙushe ake biyansa.

Daga nan a tantance hidimomin, domin da yawa daga cikin abin da ake kira ba-zata ya daɗe da aiko saƙo. Haihuwa tana ba da sanarwar wata tara, duk da haka ana samun magidancin da ragon suna yake zo masa kamar saukar aradu a rana ta shida. Sallah ba ta taɓa tsallake shekara ba. Katangar ƙasa da ta tsage tun bazara ta riga ta faɗi ra'ayinta game da ruwan watan Agusta. Inda ruwa yake kwance rani da damina sauro ba ya tafiya hutu, don haka zazzaɓi yana cikin kasafin gida ko an rubuta shi ko ba a rubuta ba, yaran da ke wanka a kanal kuma sukan kwaso tsargiya. Gidan sauro da hana yara iyo sun fi kwanan asibiti arha nesa ba kusa ba.

Ba-zata ta gaskiya ita ce wadda ba ta da kalanda. Injin ban-ruwa ya tsaya cak ana tsakiyar fure. Tsutsar tumatir ta Tuta absoluta ta afka wa gonaki a 2016 ta bar manoma da yawa da ganye ƙonanne da bashin maganin feshi. A farkon 2023 takardun naira suka yi ƙaranci, a ƙarshen watan Mayun shekarar aka cire tallafin mai, fetur ɗin injin ya ninka. Babu wanda zai iya hango irin waɗannan, amma kowa zai iya sanin cewa wata tana tafe.

A nan masu zafin nama suke yin kuskure. Da an yi girbi sai mutum ya kwashe komai ya kai wa masu binsa, ya dawo gida yana taku ɗai-ɗai, ba a binsa ko sisi, ba shi kuma da ko sisi. Bayan mako biyu yaro ya kwanta, sai ga maigidan a ƙofar mutumin nan da ya sallama, yana neman sabon bashi da sharaɗin da ya fi na da tsauri. Abin da ya fi dacewa shi ne a ware ajiya kafin a fara biya, ko da buhu biyu ne. A bar ta shanshera, kada a mayar da ita kuɗi, domin kuɗin aljihu suna jin ƙamshin tsire kuma sun san hanyar teburin mai shayi. A sa wa kowane buhu suna da gawayi, wannan na asibiti, wancan na inji, mutum yakan ji nauyin kwance bakin buhun da aka rubuta wa asibiti don ya sayi sabuwar waya. Makullin ɗakin ajiyar kuma a damƙa wa uwargida. Matan Kura da suke turara shinkafa su shanya su kai inji sun san farashin kwano a kowane wata, kuma ba a yi musu daɗin baki a kan abin da suka auna da hannunsu.

Akuya ma ajiya ce mai kyau, ga ta tana haihuwa, muddin an ɗaure ta nesa da albasar maƙwabci, in ba haka ba ita da kanta za ta zama hidimar ba-zata. A adashi kuwa, mai son fita daga bashi ba ya rububin ɗaukar farko. Ɗaukar farko bashi ce da aka canza wa suna, ta tsakiya ko ta ƙarshe ita ce tari.

Idan abin ya auku ajiyar ba ta isa ba, a je wa mai bashi kafin ya zo. Sauya hanyar masallaci yana ƙara tafiya ne kawai, kashe waya kuma yana hana dillalin kasuwar Kwanar Gafan kira ranar da kwandon tumatir ya yi tsada. A tafi da abin da ya samu, a gaisa, a ce: “Alhaji, ga wannan a rage, yaro ne ba lafiya, sauran in Allah ya yarda sai an cire albasa.” Mai bin bashin da ya ga rabi da idonsa yakan yi haƙurin da ba zai yi wa wanda ya hango yana shigewa lungu ba. Abin da ya kamata a guje wa ko ta halin ƙaƙa shi ne sayar da amfani tun yana tsaye a gona, da rancen manhajojin waya masu kuɗin ruwa, waɗanda wasunsu kan aika wa duk lambobin da ke wayar mutum labarin bashinsa.

Biki da anko da gudummawa suna da wuyar kaucewa, domin zumunci ne. Ana iya kai kwano biyu na shinkafa da hannu biyu na aiki, a yi wa amarya addu'a da tsohuwar shadda mai guga. Dangin da suka ji an ce ana biyan bashi ne sukan yi gunaguni na mako guda.

Ranar biyan ƙarshe a tafi da shaida, a soke sunan a littafin mai bashi a gaban ido, a soke a na gida. Makon da ke biye shi ne mafi haɗari, domin a cikinsa dillalin taki yake fara gaisuwa da fara'a, mai sayar da babur kuma ya ce a ɗauka a biya a hankali. A wannan makon ake mayar da buhunan asibiti da na inji da aka taɓa, kafin a saurari kowa.