Masu Zuwa Dubiyar Katafila

Tsakanin Funtua da Malumfashi, daga Bakori zuwa Danja da Ƙafur, ba a rasa tsohuwar katafila, ko a bakin gonar da ake sharar daji, ko a gefen dam ɗin ƙasa da ake son yashewa kafin damina. In tana aiki, yara kaɗai ke kallonta. Ranar da ta ƙi tashi kuwa, kafin hantsi ta tara manya, kowa da ciwon da ya gano mata tun daga gida.

Direbanta ne farkon mai magana, kuma maganarsa ba ta canzawa: "Wallahi jiya lafiya lau na kashe ta." Ba zai ce ta kwana biyu tana shaƙewa in ta ɗauki ƙasa ba, ba zai ce rabonta da sabuwar filta tun babbar sallar bara ba. Yana zaune a sama yana murɗa makulli, wai ko za ta ji kunyar jama'a. Masu ƙera ta sun ce kada a wuce daƙiƙa 30 ana juya sitata, sannan a bar ta ta huce minti 2. Shi kuwa sai ya shanye batir biyu tas, ya sauko ya sanar da cewa matsalar batir ce. A lokacin, gaskiya ya faɗa.

Nan ne riwaya ke shigowa a kan babur, da waya da ɗan ƙwan fitila a aljihu. A yi masa adalci, sau da yawa aikinsa ne. Batir biyu ne masu bolt 12 aka haɗa su ba da 24, in kan ɗaya ya yi farin gishiri ko ƙasa ta saki, sai ka ji "ƙas" kawai, shiru. Amma da zarar inji na juyawa da ƙarfi, riwaya ya gama nasa. Shi dai bai yarda ba. A wurinsa duk abin da ya lalace a duniya wuta ce ba ta kai ba, kuma in ba a tare shi ba sai sitata ta kwana a shagonsa a Funtua.

Akwai 'yan "ku zo mu ɗan tura ta", waɗanda iliminsu na inji ya tsaya a kan motar haya ta zuwa kasuwar Dandume. Katafila ƙirar D7 ta kusa tan 20, kan sarƙa take tafiya, kuma mai giyar mai ko da wata katafilar aka ja ta ba za ta tashi ba. Ƙaninsu shi ne mai cewa a duba fulogi. Injin gas ba shi da fulogin tartsatsi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, nozul ya fesa gas, wuta ta kama da kanta. In ka yi masa wannan bayani sai ya gyaɗa kai ya ce, "Haka ne, amma dai a duba."

Wanda na fi so shi ne Baba tsohon ma'aikacin furojet. Ya ga zamanin da aikin raya noma na Funtua ya kankama a 1975 da kuɗin Bankin Duniya, shi da takwarorinsa na Gusau da Gombe, lokacin Funtua na cikin jihar Arewa ta Tsakiya, wadda aka mayar wa suna Kaduna a 1976, don Katsina sai a 1987 ta samu tata. Da katafiloli aka fasa hanyoyin ƙauyuka, aka tare ruwa a damuka, kuma Baba yana cikin masu yi. Yakan zo da sandarsa, ya zagaya injin sau ɗaya, ya ja tsaki. A zamaninsu, in ji shi, kowace katafila da littafinta, agogon awa na aiki, awa 250 ta cika a juye baƙin mai ko da Bature na hutu. Tsofaffin ma ba su san batir ba, ƙaramin injin fetur ne a gefe, a ja igiya ya tashi, shi kuma ya juya babban har ya ɗumama. Baba ya san abin da ke damun wannan injin, na rantse ya sani. Matsalar ita ce amsar tana can ƙarshen labari, bayan sunayen manajoji da bayanin yadda ake rabon taki a da. Kafin ya kai wurin "ku dubi hayaƙinta", masu sauraro sun watse, sai wani yaro mai tallan rake.

Shi kuwa mai tsumma da fetur, ba abin dariya ba ne. Yakan ce a buɗe wajen shan iska a kanga mata tsumman, ko a fesa mata maganin tashi na gwangwani, musamman da sanyin hunturu. Wani lokaci takan tashi, shi ya sa bai daina ba. Wani lokaci kuma ringi ke karyewa, ko wuta ta dawo ta lashe masa gira. In injin mai hita ne aka fesa masa hitar na da zafi, fashewa yake. Wannan mutum a ba shi rake a zaunar da shi nesa.

Bayan shi akwai wanda ke jiran a yi shiru ya ce, "Ni dai na faɗa, tsamiyar nan da kuka tuge jiya ba a taɓa ta." Akwai matashi mai waya, wanda ya samo wani Ba'amurke a YouTube yana tayar da wata katafila daban. Akwai bakanike mai "sai an sauke inji", wanda ko murfi bai buɗe ba, amma yana da ɗan'uwa mai shagon kayan gyara a Ƙofar Ruwa a Kano, in can babu, akwai wani a Fanteka a Kaduna. Dillalin tsoffin ƙarafa ba ya cewa komai. Yana zagayawa yana ƙwanƙwasa sarƙa, bakinsa na "Allah ya ba ta lafiya", idonsa na aunawa.

Alhaji mai ita yana hanya tun safe, a waya. Tambayarsa ɗaya: "Nawa?" Mai gonar da ya biya kuɗin hayar yini ya daina kallon injin, gabas yake kallo inda hadari ke haɗuwa. Can nesa a inuwa maigadi ne, mutum mai kawaici, wanda bai tofa komai ba tun ɗazu.

Bakanike na gaskiya yakan iso bayan azahar a bayan ɗan acaɓa, da sifana uku a tsohon buhun taki. Yakan sa a aro batir daga tifa, ya ce wa direba, "Oga, taɓa ta sau ɗaya," ya ɗaga kai yana kallon bututun hayaƙi. In farin hayaƙi ya fito, gas na isowa amma bai kamawa, ko sanyi ne, ko ruwa a mai, ko inji ya gaji. In ta ɗan juya ta cije cak, ruwan sama ya bi bututu ya cika silinda don an manta kifa gwangwani, kuma wanda ya sake murɗa makulli zai lanƙwasa rodi. In ba hayaƙi sam, gas ne bai zuwa. Sai ya bi shi daga tushe. Ya buɗe famfon gindin tanki ya tsiyaye a kwalba, don ruwa ya fi gas nauyi, ƙasa yake kwanciya. Ya duba filta. Ya sassauta ɗan noti, ya sa yaro buga famfon hannu, kumfa na fita fur-fur har gas ya zo sumul.

"Iska ce ta shiga," in ji shi.

"Ai na faɗa muku!" in ji mai tsamiya.

Yadda iska ta shiga kuwa, sai an zura kara a tanki. Jiya da yamma rabi ne, yau ɗan yatsa biyu. Kowa ya waiwaya inuwa, ashe maigadi ya tafi alwala.

Aka sayo jarka biyu, ta yi tari, ta yi baƙin hayaƙi, ta ɗauka. Direba ya ce dama shi ya yi zargin haka. Baba ya ce abin da yake shirin faɗa ke nan. Alhaji da aka kira ya ce, "Ɗan wannan ne za a ce in biya kuɗin aiki? Ai bai kwance komai ba." Riwaya, da ya goge kan batir kawai, ya fi bakanike samu.

In kai ne za ka ɗauko hayar katafila bana, malam manomi, ka auna tanki da kara da yamma, ka sake aunawa da safe a gaban direba. Ka sayi kwado ka sa wa murfin, makullin kuma ya kwana a aljihunka.