Hutun da Muke Ba Iyayenmu

Mu a Yakasai, in muna ƙaunar mutum, zaunar da shi muke yi. Tsohuwa ta yunƙura za ta ɗauko buta, sai ka ji murya uku a tare: "Inna, zauna mana, ga yara nan!" Dattijo ya ɗauki sandarsa zai leƙa kasuwar Rimi, kafin ya kai bakin zaure an riga an tsayar masa da adaidaita. "Haba Baba, muna raye za ka tafi a ƙasa? Me mutane za su ce?" Tarbiyya ce, mai kyau kuwa. Da ita aka yaye mu, kuma ba na fatan ranar da za ta bar gidajenmu.

Amma ku saurari hirar dakali bayan la'asar a 'yan shekarun nan. Rabinta maganar gwiwa ce da ƙugu, hawan jini da ciwon suga. Wane ya koma salla a kan kujera. Wance ba ta iya tashi daga tabarma sai an kama ta. Sai wani ya ce sanyi ne, wani ya ce shekaru ne, a yi "Allah ya ba da lafiya" a shiga wata maganar. Shekarun kam suna nan, ba musu. Ni dai ina ganin har da hannunmu a ciki, mu masu ba da hutun.

Ku tuna yadda unguwar nan take motsa mutum ko bai yi niyya ba. Ba don mota aka tsara cikin birni ba. Lungunanmu na ƙafa ne da jaki, wani ma in mutum biyu suka haɗu sai ɗaya ya raɓe jikin katanga. Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, tafiya ce da ba ta kai rabin awa ba daga nan. Rimi kuwa a bakin ƙofa take. Iyayenmu da ƙafa suke zuwa kasuwa, da ƙafa suke zuwa ɗaurin aure da jana'iza, da ƙafa suke zagaya dangi ranar Juma'a. Na gabansu ma ba a magana: fataken Kano watanni suke yi a hanya zuwa Gwanja neman goro, alhazan da kuma ta Sudan suke bi a ƙasa, wasu su shekara da shekaru kafin su ga Makka.

Na mata ya fi ban mamaki, don su ba su fita ba amma sun fi kowa motsi. Wanda ya tashi a gidan da ake daka ya san abin da nake faɗa. Mata biyu ko uku a kan turmi ɗaya, kowacce ta gyara ɗaurin zane, ta kafa ƙafafunta, bayanta a miƙe. Taɓarya ta tashi sama da kai, ta sauka, ta ɗaya na fita ta ɗaya na shiga, ba mai karo da 'yar'uwarta. In lugude ya yi daɗi sai ka ga an cilla taɓarya sama, an tafa, an cafe, ba a ɓata kiɗan ba. Kafaɗa na aiki, ciki na aiki, cinya na aiki, gumi na zuba. Daga nan a koma bakin rijiya a ja guga, a durƙusa a kan dutsen niƙa, a yi wanki, a share tsakar gida. Wahala ce, kada wani ya yi mata kwalliya. Ta ci hannaye, ta ci baya, kuma babu ɗan halak da zai so uwarsa ta koma cikinta. Injin niƙa rahama ne, famfo da 'yan garuwa rahama ne. Abin da ya faru shi ne, da aka ɗauke wahalar, motsin ma ya tafi tare da ita, ba mu sa komai a gurbinsa ba. Tuwon kuwa yana nan yadda yake, har ma an ƙara da shinkafa da taliya da lemon kwalba.

Mu maza abin hawa ne ya karɓe mana ƙafa. Da farko acaɓa, mai shiga har ƙofar gida. A 2005 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kawo babur mai ƙafa uku don mata su samu abin hawa na mutunci, sunan shirin A Daidaita Sahu ya bi shi har yau. A watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, gwamnatin Kwankwaso ta hana acaɓa, adaidaita ta cika gari. Yau za ka ga saurayi majiyi ƙarfi ya tsaya bakin titi yana jiran adaidaita, alhali da ya kama hanya da tuni ya isa. Kuma akwai kunya a ciki, ita ce ta fi damuna. Mai ɗan rufin asiri in aka gan shi yana tafe a ƙasa, sai an tare shi: "Alhaji, lafiya? Ina motar?" Tun kafin ya kai gida an fara raɗa cewa kasuwa ta juya masa baya. Tumbi kuwa har yanzu yabo ne a wurinmu. In ya fito sai a ce wane ya samu duniya.

Ina wannan kunyar ta samo asali? A al'adar garin nan, ranar ƙaramar salla Sarkin Kano da kansa a ƙasa yake takowa zuwa filin Idi na Ƙofar Mata, sai a komawa ya hau doki. Mu da muke maƙwabtan filin mun sha gani da idonmu. Ban taɓa jin wanda ya ce martabar sarki ta ragu don ya taka ba.

Akwai wani bincike da nake son faɗa wa direbobinmu, don a kansu aka fara gane abin. A 1953 wani likita a Landan, Jeremy Morris, ya buga sakamakon nazarin da ya yi kan ma'aikatan sufurin birnin, mutum kimanin 31,000, a mujallar Lancet. Motocinsu na haya masu bene ne. Direba yana zaune wuni guda, kwandasta kuwa yana hawa yana sauka yana karɓar kuɗi. Gari ɗaya, mota ɗaya, amma ciwon zuciya ya fi kama direbobin, kuma ya fi saurin kashe su. Daga nan likitoci suka fara ɗaukar zama a matsayin abin da ke cutarwa. Yanzu Hukumar Lafiya ta Duniya cewa take yi baligi ya samu aƙalla minti 150 a mako yana motsi mai ɗan sa haki, irin tafiya da sauri. In ka raba, rabin awa ce a kwana biyar. Ba a ce sai ka sayi takalmin gudu ko ka yi rajista a gidan motsa jiki ba. Zuwa Kurmi da dawowa ya biya na ranar. Hukumar ta kuma ce a 2022 kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan duniya ba sa samun ko wannan ɗin, don haka ba mu kaɗai ba ne, amma hakan bai rage mana ciwon ba.

In an kawo wannan magana a majalisa, ba a rasa mai cewa, "To ai muna salla, ita ma motsa jiki ce." Ni ba na son a mayar da ibada wasan motsa jiki, don Allah ake yin ta. Amma gaskiya ne mai raka'a 17 na farilla da sujada 34 a kullum, in yana yi da natsuwa, gwiwarsa da ƙugunsa da idon sawunsa suna lanƙwasuwa fiye da na mutanen da rayuwarsu duk a kan kujera take. Sai dai zuciya tana buƙatar abin da zai sa ta bugu da ɗan ƙarfi na wani lokaci, wannan kuwa sai tafiya. Masallaci a unguwarmu kusan kowane lungu akwai shi, taku kaɗan ka isa. Mai so sai ya fito da wuri ya yi zagaye, ko in an idar da asuba ya miƙe ya zaga ta Ƙofar Mata kafin rana ta ɗaga.

Sai maganar zama kansa, yadda muke yin sa. Ku leƙa shagon tela daf da salla. Ya sunkuya a kan keke tun safe, wuya ya yi gaba, kafaɗu sun tattaru, kujerar ba majingina, haka har asuba. Mai ɗinkin hula haka, mai zaman shago a kasuwar Kwari haka, direban adaidaita ga zama ga girgizar ramuka. Yaranmu kuma waya ta sunkuyar da su tun ba su kama sana'a ba. Kan mutum ya kai kilo biyar, kuma duk yadda ka ƙara sunkuyar da shi, nauyin da wuya ke ɗauka ƙaruwa yake yi. Wani dattijon tela a layinmu yakan ce wa yaransa, jiki ma keken ɗinki ne, in ka bar shi a tsaye tsatsa yake yi. Shi duk ya gama riga ɗaya sai ya miƙe, ya dafa ƙugu ya ɗan gantsare, ya taka zuwa bakin lungu ya dawo. Yaran suna masa dariya, amma shi ne har yanzu yake ɗaga kan keke shi kaɗai, kuma in zai ɗaga, durƙusawa yake yi ya tashi da ƙarfin cinya, ba ya sunkuyawa da baya.

Ciwon baya ba ƙaramin abu ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 619 ne ke fama da shi a 2020. Mu maganinmu kemis. "Ba ni na ciwon jiki." A haɗa maka ƙwayoyi a leda, ja da fari, ka kora da ruwa ka koma kan kujerar da ta jawo ciwon. Irin waɗannan magunguna in an daɗe ana sha suna cin ciki, suna taɓa ƙoda, kuma suna iya ƙara hawan jini. Ga Asibitin Murtala a kusa da mu, ga Asibitin Ƙashi na Dala da yake aiki tun 1959, da masu gashin ƙashi da aikinsu ke nan, su koya maka yadda za ka zauna, ka tashi, ka motsa. Da yawanmu ba ma zuwa sai ƙafa ta fara ja.

Na dawo kan tsofaffi, don su ne suka sa na ɗauki alƙalami. Tsoka tana raguwa da shekaru, kuma abin da ke hanzarta raguwarta shi ne rashin amfani da ita. Tsohon da ya kwanta jinya mako biyu, kowa ya ga yadda ƙafafunsa ke komawa. To zaman da muke sa su yi saboda ladabi, hanyar ɗaya ce, a hankali dai take tafiya. Cinya ta yi rauni, gwiwa ta rasa mai tallafa mata, tashi ya yi wuya, sai a ƙara zama, sai a ƙara rauni. Ƙarshenta a zame a banɗaki, ƙashin ƙugu ya karye, daga nan kuma sai abin da Allah ya yi. Shi ya sa likitoci ke cewa wanda ya haura 65 ya riƙa yin abin da zai ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku a mako. Abu ne mai sauƙi: ya zauna a kujera ya tashi sau goma, ya dafa bango ya tsaya da ƙafa ɗaya, ya zaga tsakar gida bayan cin abinci, wanda yake kuma taimaka wa mai suga. Mai ciwon zuciya, ko wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa ko jiri ke ɗibarsa in ya taka, wannan sai ya ga likita tukuna. Wanda kuma lalura ta sa shi salla a zaune, addini ya yi masa sauƙi, babu mai ce masa komai.

Ladabin ba sai ya tafi ba, salonsa za a sauya. In Inna ta miƙe ɗaukar buta, a bar ta ta ɗauka, a dai tabbatar ƙasan ba santsi. In Baba zai je Rimi, jika ya riƙe masa jaka su tafi tare, a hanya ma ya sha labarin gidajen da suke wucewa, wane ne ya gina, wane malami ya zauna a ciki. Matanmu kuma, musamman waɗanda ba sa fita, su suka fi asara kuma su aka fi mantawa. Maigida da zai iya biyan kuɗin maganin hawan jini duk wata, zai iya yarda uwargida ta haɗu da maƙwabtanta su tafi Islamiyya ko barka ko gaisuwa da ƙafa, cikin hijabinsu, in wurin ba nisa. Ranar Takutaha ai mun ga yadda mata da yara ke hawa Dutsen Dala har ƙoli, ana haki ana dariya. Ƙarfin yana nan. Sau ɗaya a shekara ne ya yi kaɗan.

Sauran kula da kai mun iya abinmu, tuni kawai muke buƙata. Asuwaki yana nan. Man kaɗanya a ƙafa lokacin hunturu kafin faso ya buɗe, mai suga kuma ya duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsu kowane dare, don ƙaramin rauni a wurinsa ba ƙarami ba ne. Gishiri kada ya wuce giram biyar a rana, wato kamar ƙaramin cokali, kuma ɗanɗanon da muke marmasawa a miya shi ma gishiri ne. A auna jini ko ba a jin komai, don hawan jini ba ya sallama.

Akwai uzurin da na yarda da shi. Zafin Maris da Afrilu ya wuce a yi wasa da shi, ƙurar hunturu tana tayar wa masu asma, don haka lokacin tafiya shi ne bayan asuba ko in rana ta yi sanyi. Filayen da muka yi langa da ƙwallo an gine su, kududdufai an cike an yi shaguna. Lungunan kuma kwata ta cinye rabinsu, wani wurin murfin ya karye, wani wurin an jibge yashi da bulo a kan hanya, da dare ga duhu. Tsohuwa mai raunin gani ba za ta bi irin wannan hanya ba, kuma tana da gaskiya. Wannan aikin namu ne, ba sai mun jira ƙaramar hukuma ba. Samarin layi da suke haɗa kuɗin kallon ƙwallo za su iya haɗa na siminti buhu biyu a rufe kwatar bakin masallaci, mai unguwa ya yi magana da masu jibge kayan gini, kowane gida mai sola ya saƙalo ƙwai ɗaya a bakin zaure ya haska lungu.