Ɗinkin Maje, Sunan Wuse

Mu 'yan Maje ta Suleja muna da wani hali da ba mu cika faɗa a gaban baƙo ba: mun iya ɗinki, amma ba ma son a ce mu muka yi. Ka kai wa telanmu yadi biyar na shadda, ya fitar maka da kaftani, wuya ya zauna, aljihu bai karkace ba. Ka sa ranar Juma'a, wani ya tare ka a bakin masallaci ya ce, "Alhaji, wannan ɗinkin ina ne?" Sai ka gyara zaman hula ka ce, "Wuse, can Abuja." Telan ma ba zai ji haushi ba, don da hannunsa ya liƙa wani ɗan ƙyalle a bayan wuyan rigar mai cewa daga Turkiyya ta zo.

Abin da ya tayar da zancen, ɗan ƙanwata ne da aka yaye daga koyon ɗinki bara. Ya same mu wajen mai shayi, can kusa da inda tankokin mai ke jera layin shiga daffo, ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya sanar da mu cewa shi yanzu ba tela ba ne, dizaina ne.

"Kawu, yanzu ba a sana'a haka kawai. Sai da tambari."

Wani dattijo a gefena ya ajiye kofi ya ce, "Tambari kuma? Sarauta aka ba ka ba mu ji ba? Wa zai buga maka shi?"

Aka yi ta dariya. Yaron bai karaya ba, ya zaro waya ya nuna mana: baƙin fili, kambin sarauta ruwan zinare, allura ta ratsa ta tsakiya, ga wani dogon sunan Turanci da uwarsa ma ba ta iya faɗa. A ƙasa an rubuta Abuja. Na ce masa, ɗana, kambin nan fa na gan shi a shagon aski, na gan shi a wajen mai wankin hula, har a jikin Keke Napep. Kamar mutum ɗaya ne ke zana wa duk Suleja, kuma da kambi ɗaya ya fito daga gida.

Kuma duk wannan wahala, har yau ba wanda ya kira shagon da sunan da ke jikin allo. Mata in za su aiko yara cewa suke, "Kai wa yaron nan na gindin mangwaro." Mu nan gari ne ke raɗa wa shago suna, kai dai naka sayen ragon.

Game da Abujar da ya rubuta kuwa, ba zan matsa masa da yawa ba, don in aka bi salsala sunanmu ne. Abu Ja ya kafa garin a 1828, kuma Abuja ake ce mana har lokacin da gwamnatin Murtala ta tsayar da sabon babban birni a 1976. Aka ɗauki sunan aka kai can, mu muka koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Wato mu ne mutanen da suka ba da suna sukutum kyauta, yau kuma 'ya'yanmu ke aron sa a ɓoye don ɗinki ya yi tsada. Kowace asuba motoci cike suke fita da mu ta Madalla, mu wuce Dutsen Zuma, da kaya a leda. Rigar da aka ɗinka nan, tana tsallaka iyaka kuɗinta ya canza.

Na ce wa yaron ya ciro naira ashirin ya juya bayanta. Matar nan da ke gina tukunya, Ladi Kwali, a garin nan ta yi aikin da ya kai ta jikin kuɗi. Baturen nan Michael Cardew a fadar Sarki Sulaimanu Barau ya ga tukwanenta, kuma a 1954 ta shiga makarantar ginin tukwane da ya buɗe, ita ce mace ta farko. Ba ta ari sunan Landan ba. A gindin kayan ana danna hatimi biyu: na makarantar, mai sunan Abuja da rubutun ajami, da nata, harufa biyu kacal, LK. Amma ko ba ka kifa tukunyar ba, ƙadangaru da kunamu da kifayen da take zanawa sun riga sun gaya maka hannun wa ne. Hatimin shaida ne kawai. Ta rasu a 1984, masu tara kayan tarihi a Turai har yau harufan nan biyu suke dubawa kafin su ciro kuɗi.

Abin dariyar, tambarin wasu ba ma wasa da shi. Hajiyoyinmu in sun je Kantin Kwari haɗa lefe, bakin atamfa suke fara warewa su karanta, su shinshina, su murza, kada a ba su ta Chana a kuɗin Holan. Maza kuma a ce shadda, sai an ga Getzner a gefen yadi, kamfanin da ke can Ostiriya, ƙasar da yawancinmu ba za mu iya nuna ta a taswira ba. Mun san aska takwas daga nesa, mun san Zanna Bukar, tazarce ta samo suna tun zamanin Abacha ta ƙi sauka, jar hula kuwa ko yaro ya san inda ta dosa. Duk waɗannan an gane su ne don sun tsaya a kama ɗaya. Telanmu kuwa yau ya kwaikwayi na Kano, gobe na Senegal, jibi abin da ya gani a Instagram. Matan da ke ɗinki a cikin gida su ma ba a bar su a baya ba: a ɗora hoton rigar wata a WhatsApp a rubuta "aikinmu ne", amarya ta kawo ankon ƙawaye ashirin, ranar kamu a rasa mai fitowa hoto.

Yaron ya ce ai har ya yi rajistar suna a CAC. Na ce madalla, amma wannan sunan kasuwanci ne. Rajistar tambari ofishinta daban, a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki ta tarayya. Kuma babu ofishin da zai hana sunanka lalacewa daren Sallah. Nan ne duk dizainoninmu ke komawa teloli: an karɓi ɗinki ɗari da keke biyu, an ci kafin alƙalami tun farkon azumi, wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, maigida ya kashe waya ya bar yaron shago da rantsuwa. Ni da kaina na taɓa zuwa Idi da tsohuwar riga, sabuwar tana rataye babu hannu ɗaya. Shekara nawa ke nan, har yau in na bi ta ƙofar shagon nan sai na kawar da kai.

Ban san wanne ya shige shi ba, naira ashirin ko dariyar dattijon nan. Bayan mako biyu dai ya zo da sabbin ƙyallaye: sunansa na yanka, ƙasa an rubuta Maje, babu kambi. Ya ce kuma duk rigar da ta fita daga hannunsa za a ga siririn layin zare ɗaya a bakin aljihu. Na ba shi yadi ya ɗinka min, ya kawo ranar da ya ce.

Ranar Juma'a wani ya tare ni ya shafa wuyan rigar ya ce, "Alhaji, Wuse ko?" Na daure na ce, "Maje. Ɗan ƙanwata ne." Ya tambayi kuɗin ɗinkin, na faɗa. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Au, na gida ne ashe. To ka yi masa magana ya rage min."