Raɗin Sunan da Ba Rago

A layinmu na kasuwa kaɗai, shagunan da ake kira Alheri sun fi ƙarfin yatsun hannu, kuma ba wanda ya taɓa kai wani ƙara wurin sarkin kasuwa. Intanet ba ta san wannan zumunci ba. A can suna ɗaya na mutum ɗaya ne, duk faɗin duniya. Abin da ɗan yayana mai karatun kwamfuta bai gaya mana ba ke nan, ranar da ya lallashe ni da Yaya mu buɗe wa shagon hulunanmu shafi, wai don masu son zanna bukar da damanga su same mu daga ko'ina.

Bayan la'asar ya buɗe kwamfuta a kan kwalin huluna. Ya rubuta Alheri, aka ce an riga mu. Albarka, an riga mu. Nasara, Rahama, duk an kwashe. Ya ce ba abin mamaki ba ne, tun 1985 ake rajistar sunaye masu .com a ƙarshe, gajerun kuwa tuni suka ƙare.

"Wane ne ya riga mu?" in ji Yaya. "A kira shi mu yi magana."

Ashe akwai masu kama suna su ajiye, ba sa sayar da ko allura, jiran mai so kawai suke yi. Mun faɗa wa irin wannan, farashinsa da dala. Yaya, wanda bai taɓa sayen abu a kuɗin farko ba, ya sa aka aika masa tayi da naira, har da gaisuwa da tambayar iyali. Mutumin ko "albarka" bai ce ba.

Sai yaron ya ce mu dawo gida, wato .ng, wadda ƙungiyar NiRA ke kula da rajistarta. Da Yaya ya ji .com.ng ta fi .ng zalla araha, nan take kishin ƙasa ya kama shi. Ni na kawo zancen abokan cinikinmu na Maraɗi da Damagaram, waɗanda tasu .ne ce, harafi ɗaya ya raba mu, aka ce in yi shiru kada in ƙara mana kuɗi.

Da daddare magana ta isa cikin gida, daga nan ta fi ƙarfinmu. Hajiya ta ce shagon na marigayi ne, sunansa za a sa, da Alhajinsa, da "da 'ya'yansa" kamar yadda yake a tsohon allo. Yaya ya ƙara unguwa da lambar shago. Yaron ya ƙirga, ya ce an wuce haruffa 63, iyakar da aka yarda da ita ke nan. Aka cire lambar shago da ƙyar.

Sannan ya karanta mana sauran dokokin: ba tazara tsakanin kalmomi, ba ɗan waƙafin sama, masu ƙugiya irin ƙ da ɗ kuma gara a haƙura da su, don yawancin wayoyi sai an yi ta lalube. Da aka cire abin da za a cire, "da 'ya'yansa" ta koma "dayayansa".

Hajiya ta yi salati. Marigayi ba shi da wa, shi ne babba. Yaya kuwa ya gyara zaman hula, ya ce shi bai ga aibu ba.

Aka raba kalmomin da ɗan layi, wanda yanzu nake bayani a waya kullum: na tsakiya, ranka ya daɗe, ba na ƙasa ba. Muka biya. A nan Yaya ya ji cewa haya ce, duk shekara sai an sabunta, in an yi sake wani ya ɗauke.

"Sunan ubana zan riƙa biya wa haya?"

Ya biya na shekara biyu, yana ƙunƙuni, ya kira mai rubutun allo a sa adireshin a ƙofar shago. Mai rubutun tsohon malamin Hausa ne. Da muka zo da safe, ya mayar da kowace ƙugiya wurinta, ya raba kalmomi, ya dawo da waƙafin 'ya'ya duka biyu, ya ce gyaran kyauta ya yi mana saboda marigayi.