Zanen Barkwanci Ya Kwanta Dama

An yi rashi a shafukan jaridu, kuma har yau ba wanda ya shimfiɗa tabarmar makoki. Ɗan akwatin nan na ƙasan shafi, inda mai zane ke kumbura tumbin ɗan siyasa ya kifa masa hula har hanci, kullum ƙara tsukewa yake yi. A wasu jaridun ma an neme shi an rasa.

Ka tambayi edita, ya ce tsadar takarda. Yana da 'yar gaskiya: masana'antar takardar jarida ta Oku Iboku ta daɗe da yin barci, daga waje ake shigo da takardar, da dala. To amma takardar da ta yi wa mai zane kaɗan ba ta taɓa yi wa taya murna kaɗan ba. Shafi guda cur, fuskar Honarabul an goge ta da kwamfuta har kumatu na sheƙi, a ƙasa an sa "Garkuwan Talakawa ya cika kwana 100 a ofis". Wannan ma ai zanen barkwanci ne, sai dai wanda aka zana ɗin shi ya biya.

Ba mu kaɗai ba ne. Jaridar New York Times ta daina sa zanen siyasa a bugunta na ƙasashen waje a 2019, bayan wani zanen Trump da Netanyahu ya jawo mata ruwan dafa kai. A 2025 kuwa Ann Telnaes ta ajiye aiki a Washington Post, don an ƙi buga zanenta da ya taɓa mai jaridar, Jeff Bezos. Ashe ko a Amurka maigida ba ya son wargi.

Sai dai mu Kanawa mu rage kukan. Leƙa teburin mai jarida da hantsi. Malam zai jingine kekensa, ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya bi ta tun daga kanu har shafin ƙwallo, mutum huɗu na leƙe ta kafaɗarsa, ɗaya har yana cewa "dakata, ban gama ba". Ya ninke ta, ya mayar, ya ce, "Yau ba komai a ciki." Lokacin da aka rufe Triumph a 2012, jaridar da gwamnatin Rimi ta kafa a 1980, gidan Albishir da Alfijir, da yawa cikin masu salati ba su taɓa ba ta sisi ba. A hannun mai tsire suka san ta, ta sha mai da ƙuli.

Sannan dariyar tamu ma ta shiga jam'iyya. Wannan fa birni ne da Nalako ke zagayawa da azumi yana farautar gwagware, birnin da Bakano da Bazazzagi ke kiran juna bawa a tashi lafiya. Amma gwada zana ubangidan wani. In na can ɓangaren ne, kafin azahar zanen ya zagaye WhatsApp daga Mandawari zuwa Jakara, ana ta "Allah ya ƙara basira". In namu ne, kafin isha'i sojojin baka sun sayi fili a rediyo, suna tono asalin mai zane har kakan kakansa.

Abin kuma ba ya tsayawa a baki. A 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa 'yan TikTok biyu bulala 20 kowanne, da tarar naira 10,000, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda bidiyon da suka yi wa gwamnan lokacin, Ganduje, ba'a. Irin su Mustapha Bulama na Daily Trust da suka ƙi ajiye alƙalami, sai mu bi su da addu'a. Yaron da ke tasowa da hannun zane a Ƙofar Mata kuwa ya riga ya yi lissafinsa: gara ya zana wa mai kaji allon shago. Kaza dai ba ta da lauya.