Dodon Amurka a Gidan Haya

Mahaifina ya yi aiki a masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957. Da injinanta suka yi shiru a 2002 sai ya koma rubuta allunan shaguna, ni kuma ina riƙe masa gwangwanin fenti. A nan na gaji buroshi. Daga Makera zuwa Sabon Tasha, in ka ga kan mutum a ƙofar mai aski, ko kaza mai murmushi a ƙofar gidan abinci, mai yiwuwa hannuna ne.

Ɗan yayata yana da gidan kallon ƙwallo. Da damina ta kankama, gasar Firimiya ta tafi hutu, benci ya koma wurin kwanan awaki, sai ya yanke shawarar nuna finafinan ban tsoro da daddare. Ya zo mini da falankin katako da kafin alƙalami.

"Kawu, allo nake so wanda duk wanda ya gani sai hanjinsa ya kaɗa."

Ya nuna mini hoto a waya: wani mai farar fuska kamar an tsoma shi a buhun fulawa, goshi kamar ƙwarya, jan hanci, jajayen layuka biyu daga baki sun ratsa idanu, ga balan-balan ja a hannu. Wai sunansa Pennywise, daga littafin da Stephen King ya fitar a 1986, aka yi fim ɗinsa a 2017. Wai wawa ne mai wasa da yara, kuma a magudanar ruwa yake zaune.

Na yi dariya har da tari. Mu da muka tashi da Samanja da Ibro, muka san wawan sarki da 'yan kama, yaushe za mu ji tsoron mai ba da dariya? Kuma dodon da zai zauna a kwalbatin Kakuri, ai leda da sauro za su gama da shi kafin ya kama yaro ɗaya.

"Kawu, kai dai ka tuno abin da ya fi ba ka tsoro a duniya, ka zuba a fuskar."

Da daddare na zauna aiki. Ina gama shafa farin fenti aka ɗauke wuta, wayar da aka turo mini hoton ita ma ta mutu. Kafin alƙalamin kuwa tuni ya zama masara da manja. Sai na maƙale tocila a haɓa, na ce bari in bi shawarar yaro. Na rufe ido, na nemo tsoro a cikina. Abin mamaki, hannuna ya riƙa gudu kamar ya san hanya. Sanƙo ya fito, gira ta haɗe, ido ɗaya ya ɗan kanne, ga wushirya a tsakiyar murmushin da babu rahama a cikinsa. Da na gama, ni kaina sai da na juya allon ya fuskanci bango kafin barci ya ɗauke ni.

Da safe na fito da shi tsakar gida ya sha iska. Uwargida ta leƙo da tsintsiya, ta yi salati, maƙwabciyarmu da ke wanki ta kira sunan Yesu, na ce alhamdulillahi, aiki ya yi. Sai na ga su biyun sun dubi juna. Uwargida ta yar da tsintsiya, ta dafa bango, dariya ta hana ta numfashi.

"Malam, ai wannan Baba mai gida ne!"

Na sake duba. Lallai biri ya yi kama da mutum. Sanƙon nasa ne, wushiryar tasa ce, har kannen idon da yake yi in ya ce, "To, yaushe ke nan?" Hayar wata uku yake bi na. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Tawa zuciyar buroshi ta gaya wa.

Kafin in rarumo zanin da zan rufe shi, 'yan haya sun cika tsakar gida, yara suna durƙusawa gaban allon suna "Baba, ina kwana." Ana cikin haka muka ji gyaran murya daga zaure. Kowa ya tuna yana da aiki a ɗaki. Aka bar ni da dodo biyu.

Baba ya tsaya ya ƙura wa allon ido, ya shafa sanƙonsa.

"Wane ne wannan?"

"Wani dodon Amurka ne, Baba."

"Shi ma gidan haya gare shi a can?"

Na ce Allah ya ja kwana, tsautsayi ne da rashin wuta. Ya matsa kusa, ya ce hancin ne kawai na yi masa ƙari. Sannan ya nuna balan-balan ɗin da sandarsa.

"Rubuta KUƊIN HAYA a nan, da manyan baƙi. Ka kafa shi a zaure. Na yafe wata ɗaya, saura biyu."

Ɗan yayata ya zo karɓar allo, ya tarar da shi a kafe da ƙusa huɗu. Yanzu shi ma yana bi na kafin alƙalami da kuɗin falanki, har ya daina ce mini Kawu sai in mahaifiyarsa tana wurin.

Amma tun daga ranar babu wanda ya ƙara kai biyar ga wata bai biya haya ba a gidanmu. Mai gyaran babur da ke ɗakin ƙarshe ma ta katanga yake fita. Shekara ashirin ina zanen kajin da ba su ƙara wa kowa ciniki ba, sai ga shi allo ɗaya ya yi abin da aka ce ya yi. Kullum da asuba in zan wuce masallaci, sunkuyar da kai nake yi a zaure, don har yanzu saura wata biyu.